Lambar da Ta Gagari Rabo: Amsa Kan Lamba Mai Alƙaluma Miliyan 41

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare. Wani ɗalibina ya zo mini da labarin da ya gani a waya, wai an gano lamba mafi girma a duniya, mai alƙaluma sama da miliyan 41, kuma babu abin da ke raba ta. Ya yi mini tambaya uku, na kasa ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina. Ta yaya za a ce wata lamba ta fi kowace girma alhali ana iya ƙara mata ɗaya? Ta yaya aka san babu mai raba ta, an gwada duka ne? Kuma mene ne amfaninta? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Amin, Allah ya saka da alheri. Ka gaishe mini da wannan yaro, ka kuma riƙe shi hannu biyu, domin tambayarsa ta farko ta kama labarin daidai inda ya karkace. Idan na fahimce ka, abin da kake nema shi ne a gyara maganar "mafi girma", a nuna yadda ake yanke hukunci kan lambar da babu wanda zai iya karanta ta, sannan a faɗi gaskiya kan amfaninta. Ta biyun ce ta fi nama, a kanta zan fi daɗewa.

Yaron yana da gaskiya: babu lamba mafi girma. Duk wadda ka kawo, ƙara mata ɗaya ka wuce ta. Abin da aka gano shi ne mafi girma a cikin wani jinsi na lambobi, kuma a cikin waɗanda aka sani zuwa yanzu. Jinsin shi ne lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. A aji ana ce musu firam, littattafan Larabci suna cewa adadun awwal. Ni a ajina gagara-rabo nake kiransu, kuma na lura sunan yana zama a kan yara. Goro goma sha biyu za ka kasa shi kashi biyu, uku, huɗu ko shida ba saura. Goro goma sha uku kuwa, duk yadda ka kasa shi sai wani ya yi saura, sai dai ka bar shi kashi ɗaya ko ka ware shi ɗaiɗai.

Su ma gagara-rabo ba su da ta ƙarshe, kuma an tabbatar da haka tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a littafin Yukilid na Iskandariya, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis. Hujjar gajera ce, ɗan aji uku zai ɗauke ta. A ce wani ya zo da jeri ya ce ga dukkan gagara-rabo nan, sun ƙare. Ninka su duka, ka ƙara ɗaya. Sabuwar lambar nan, duk wadda ka raba ta da ita daga cikin jerin sai ɗaya ya yi saura. Ke nan ko dai ita kanta gagara-rabo ce da ba ta cikin jerin, ko kuma akwai wata a waje da ke raba ta. Ko ta wace hanya, jerin bai cika ba. Akwai wani tuntuɓe a nan da na sha gani har a wajen malamai: suna cewa sabuwar lambar dole gagara-rabo ce. Ba dole ba ne. Ninka 2, 3, 5, 7, 11 da 13, ka ƙara ɗaya, za ka samu 30,031, wadda ita ce 59 sau 509. Hujjar ba ta karye ba, domin 59 da 509 ba sa cikin jerin.

Wace lamba ce, kuma yaya girmanta?

Ana rubuta ta haka: 2^136,279,841 − 1. Ma'ana, ka jera biyu sau biyu sau biyu har wuri 136,279,841, ka ninka, ka ɗebe ɗaya. Ƙaramin misali: 2^5 − 1 shi ne 2×2×2×2×2, wato 32, a ɗebe ɗaya, 31. Lambar da ke nuna sau nawa aka jera biyun zan riƙa kiranta 'yar sama.

Wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, mazaunin San Jose a jihar Kalifoniya, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, shi ya gano ta, aka tabbatar ranar 12 ga Oktoba, 2024. Ya yi aikin ne a ƙarƙashin GIMPS, wata gayya ta masu sa-kai da George Woltman ya kafa a 1996, inda kowa ke ba da kwamfutarsa a raba aikin nema. Durant ya yi hayar dubban na'urorin sarrafa hoto, waɗanda ake kira GPU, a cibiyoyin kwamfuta na ƙasashe 17. Wata na'ura a Dablin ce ta fara ɗaga hannu ranar 11 ga wata, wata a San Antonio ta tabbatar washegari. Wadda ta riƙe kambun kafin ita, 2^82,589,933 − 1, an same ta a Disambar 2018, tana da alƙaluma 24,862,048. Sabuwar tana da 41,024,320. Idan wata rana ka ji an sanar da wadda ta fi ta, haka harkar take, gayyar ba ta tsaya ba.

Wajen girman ne hankali ke yaudarar mutum. Ba miliyan 41 ce lambar ba, tsawon rubutunta ne miliyan 41. Yawan mutanen Najeriya alƙaluma tara ne. Ƙiyasin masana na yawan ƙwayoyin zarra a duk sararin da ake iya hangowa bai wuce alƙaluma tamanin da 'yan kai ba, layi biyu a littafin rubutu. Kuma duk alƙalami ɗaya da ka ƙara, ka ninka girman sau goma ne. Idan ka zauna kana rubuta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka yi kwana 474 da ɗoriya kafin ka kai ƙarshenta. Idan kuma za a buga ta, alƙaluma 3,000 a shafi, ana buƙatar shafi 13,675, sama da rim 27 na takarda in fuska ɗaya ake bugawa.

Abin da za ka sani game da ita da alli kawai

Nan ne nake so ka kai yaron, domin duk sauran bayanin a kan wannan ya hau. Mai lissafi ba ya buƙatar ganin lamba kafin ya san halinta. Abin da yake kamawa shi ne saura, abin da ke raguwa bayan an raba.

Kowa yana wannan lissafin bai sani ba. Idan yau Juma'a, wace rana ce bayan kwana 100? Ba wanda zai ƙirga ɗaiɗai. Mako goma sha huɗu kwana 98 ne, saura biyu, Lahadi ke nan. Makonnin da suka cika an zubar da su, sauran kawai aka riƙe. To, tambayi ajinka: idan yau Juma'a, wace rana ce bayan kwana 2^136,279,841 − 1? Za su ce ba ya yiwuwa. Sai ka rubuta musu ninkin biyu: 2, 4, 8, 16, 32, 64. Raba kowanne da bakwai ka riƙe saura: 2, 4, 1, 2, 4, 1. Abin yana zagayawa uku-uku. Saura a san inda 136,279,841 ta faɗa a zagayen. Tara alƙalumanta, 1+3+6+2+7+9+8+4+1, za ka samu 41, raba da uku saura biyu. Wuri na biyu a zagayen shi ne 4. Ɗebe ɗaya, saura uku. Asabar, Lahadi, Litinin. Amsar Litinin ce, kuma babu kokwanto a cikinta. A hanya mun kuma tabbatar da cewa bakwai ba ya raba lambar.

Haka alƙalaminta na ƙarshe. Ninkin biyu yana ƙarewa da 2, 4, 8, 6, sannan ya sake: 32, 64, 128, 256. Zagaye huɗu-huɗu. Ita 'yar saman tana ƙarewa da 41, raba da huɗu saura ɗaya, ke nan ninkin ya ƙare da 2, a ɗebe ɗaya ya zama 1. Mai haƙuri zai iya matsawa gaba: alƙaluma uku na ƙarshe suna zagayawa ɗari-ɗari, don haka ya isa a duba 2^41, wato 2,199,023,255,552. Lambarmu tana ƙarewa da 551. Har ma idan aka tara alƙalumanta miliyan 41 ɗin nan, aka sake tara na amsar, aka yi ta yi har ya rage guda, 4 za a samu, domin sauranta idan an raba da tara ke nan.

Yawan alƙaluman ma ba ƙirgawa aka yi ba. Ɗaliban babbar sakandare sun san logaridim na 2 shi ne 0.30103 a taƙaice. Ninka 'yar saman da ƙimarsa mai ƙarin alƙaluma, 0.30102999566, za ka samu kimanin 41,024,319.945. Ɗauki cikakken ɓangaren ka ƙara ɗaya, ga 41,024,320. Guntun da ya rage, 0.945, shi ke gaya maka farkonta: tana farawa da 88. Na fi son wannan darasi a kan kusan duk abin da ke cikin manhajar karatu, domin a ranar ne yara ke gane cewa teburin logaridim ba azaba aka ƙirƙiro musu ba.

Me ya sa sai ninkin biyu a ɗebe ɗaya?

Ba haɗari ba ne cewa masu riƙe kambun nan kusan kullum wannan siffar gare su. Ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya wallafa jerinsa a 1644. A rubutun kwamfuta, mai amfani da sifili da ɗaya kawai, irin wannan lamba ɗaya-ɗaya ce zalla a jere: 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111. Tamu ɗaya ce guda 136,279,841, babu sifili ko guda.

Daga wannan hoton za ka ga sharaɗi na farko. Dubi 111111 a rubutunmu na yau da kullum, ɗaya shida. Tun da shida tana kasuwa biyu-biyu ko uku-uku, lambar ma tana kasuwa: 11 sau 10101, ko 111 sau 1001. Haka yake a rubutun kwamfuta. Idan 'yar sama tana rabuwa, lambar tana rabuwa. Shi ya sa 2^4 − 1, wato 15, take 3 sau 5, kuma 2^6 − 1, wato 63, take 7 sau 9. Tsohon labarin nan na allon dara mai gida 64, wanda Ibn Khallikan ya kawo a ƙarni na 13, inda ake sa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, jimillarsa 2^64 − 1 ce, wato 18,446,744,073,709,551,615. Duk girmanta uku ma yana raba ta, biyar ma haka, saboda 64 tana rabuwa.

Ke nan dole 'yar sama ta zama gagara-rabo. Amma wannan bai wadatar ba, kuma a nan aka daɗe ana faɗuwa. 2, 3, 5, 7 duk suna bayarwa: 3, 7, 31, 127. Sai ka zo 11 ka samu 2,047, wadda take 23 sau 89. Mersenne kansa ya yi kuskure biyar a jerinsa: ya sa 67 da 257 alhali nasu suna rabuwa, ya tsallake 61, 89 da 107 alhali nasu gagara-rabo ne. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba 2^67 − 1 a gaban taron masana lissafi a New York: 193,707,721 sau 761,838,257,287. A cikin miliyoyin 'yan sama da aka gwada, 52 kacal aka samu sun bayar, tamu ita ce ta 52 da aka gano. Ban ce ta 52 a jere ba, domin a lokacin da aka sanar da ita ba a gama tantance duk waɗanda ke ƙasa da ita ba, wata na iya ɓuya a tsakani.

Akwai wani hali mai kyau kuma. Duk gagara-rabon da zai raba 2^p − 1, idan p, wato 'yar sama, gagara-rabo ce kuma mara (wadda biyu ba ya raba ta), dole ya zama ninkin 2p da ƙarin ɗaya. Duba 2,047: 23 ita ce 22 da ɗaya, 89 ita ce 88 da ɗaya. Don haka tun kafin a kunna kwamfuta an san babu wata lamba ƙasa da 272,559,683 da za ta iya raba tamu.

An gwada duka ne?

A'a, kuma ba zai taɓa yiwuwa ba. Hanyar da muke koyarwa, ta gwada rabawa da 2, 3, 5, 7 har zuwa lambar da in an ninka ta da kanta ta kai wadda ake bincike, tana aiki ga 97 ko 1,009. Ga tamu, wurin tsayawar kansa yana da alƙaluma sama da miliyan 20. Ko da kowace ƙwayar zarra kwamfuta ce tana aiki tun farkon duniya, ba a ɗauki ko ƙura daga aikin ba. Ana dai yin ɗan gwajin rabawa da farko, kamar yadda ake sheƙe hatsi kafin a kai niƙa, don a zubar da waɗanda ke da ƙaramin mai raba su.

Waɗanda suka tsira sai a yi musu gwaji na biyu, wanda ya samo asali daga Pierre de Fermat a 1640. Idan n gagara-rabo ce ba uku ba, ka jera uku sau uku har wuri n − 1, ka raba da n, sauran dole ɗaya ne. Gwada da 7: 3^6 shi ne 729, wato 7 sau 104 da saura ɗaya. Lambar da ta faɗi wannan gwaji tabbas tana rabuwa. Amma wadda ta ci ba a gama da ita ba, domin akwai masu shigar burtu. 91 tana cin gwajin, alhali 7 sau 13 ce. A manyan lambobi irin wannan yaudara tana da matuƙar wuya, amma mai lissafi ba ya sa hannu a kan "da wuya". Abin da na'urar Dablin ta yi ke nan, shi ya sa ba a ɗauki ranar 11 a matsayin ranar ganowa ba.

Hukuncin ƙarshe na gwajin Lucas da Lehmer ne. Édouard Lucas, Bafaranshe, shi ya assasa shi, ya kuma tabbatar a 1876, da hannu, cewa 2^127 − 1 mai alƙaluma 39 gagara-rabo ce. Har yau babu wanda ya wuce wannan ba tare da na'ura ba. Derrick Lehmer ya kammala gwajin a 1930. Ga yadda yake, kuma sauƙinsa yana ba ni mamaki har yau. Fara da 4. Ninka ta da kanta, ɗebe biyu, raba da lambar da kake bincike, riƙe saura. Sauran nan ninka shi da kansa, ɗebe biyu, raba, riƙe saura. Yi haka sau p − 2. Idan ka ƙare da sifili, lambar gagara-rabo ce. Idan ba sifili ba, tana rabuwa. Babu wataƙila a ciki, ta kowane ɓangare.

Mu gwada da 127, inda p take 7, matakai biyar ke nan. 4 sau 4 a ɗebe biyu, 14. 14 sau 14 a ɗebe biyu, 194, raba da 127 saura 67. 67 sau 67 a ɗebe biyu, 4,487, saura 42. 42 sau 42 a ɗebe biyu, 1,762, saura 111. 111 sau 111 a ɗebe biyu, 12,319, wadda ita ce 127 sau 97 cif. Sifili. Yanzu 2,047, matakai tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, 1,736. Ba sifili ba, ke nan tana rabuwa.

Ka lura da abin da ya faru a na biyun. Gwajin ya ce 2,047 tana rabuwa, amma bai ambaci 23 ko 89 ba. Ya san akwai ɓarawo a gida, bai san sunansa ba. Wannan ne amsar tambayar yaronka: sanin cewa lamba tana rabuwa abu ne daban, sanin mai raba ta abu ne daban, kuma na farkon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Lucas ya nuna 2^67 − 1 tana rabuwa tun 1876, shekara 27 kafin Cole ya samo masu raba ta. Yau akwai lambobin Mersenne da yawa da aka tabbatar suna rabuwa amma ba a san ko ɗaya daga masu raba su ba.

Ga tamu, matakan 136,279,839 ne, kowanne ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 da kanta. Aiki ne babba, amma mai iyaka. Abu biyu ne suka sa ya yiwu. Na farko, akwai dabarun ninka dogayen lambobi da suka fi hanyar firamare sauri ƙwarai. Na biyu, fitar da saura a nan kusan kyauta ne. Ka san idan kana son sauran 1,234 in an raba da 99, sai ka yanka ta biyu-biyu ka tara, 12 da 34, ka samu 46. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne 99 ɗari ce ba ɗaya. Haka 2^p − 1 take a idon kwamfuta: yanka, tara, an gama. Wannan rangwamen ne ya sa lambobin Mersenne suke gaba. Akwai gagara-rabo bila adadin tsakanin wannan da wadda ta gabace ta, ba su da wannan siffar ne kawai, shi ya sa ba mu da hanyar kama su cikin sauƙi.

Dalilin da ya sa gwajin yake gaskiya ba zan iya shimfiɗa shi a nan ba, yana buƙatar aljabara ta matakin jami'a. Zan dai ba ka bakin zaren: jerin 4, 14, 194 ba daga sama ya faɗo ba. Ɗauki 2 + √3 da 2 − √3. Tara su, 4. Ninka kowanne da kansa ka tara, 14. Sake yi, 194. Hujjar tana bin yadda 2 + √3 ke zagayawa ne, irin zagayen da muka gani a kwanakin mako. Kuma tun da na'ura na iya kuskure, ba a sanarwa sai an maimaita gwajin a kan na'urori daban da manhajoji daban, amsa ta zo ɗaya.

Kafin na bar halayenta, akwai guda da ba na so ya wuce. Lambar da jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ta dawo daidai da ita, ana ce mata kammalalliya. 6 ita ce 1+2+3. 28 ita ce 1+2+4+7+14. Yukilid ya nuna cewa duk lokacin da 2^p − 1 ta zama gagara-rabo, idan ka ninka ta da 2^(p−1) za ka samu kammalalliya: 3 sau 2, 7 sau 4, 31 sau 16 wato 496, 127 sau 64 wato 8,128. Bayan kusan shekara dubu biyu Leonhard Euler ya tabbatar da cewa duk kammalalliyar da take cika, wato biyu yana raba ta, ta wannan hanyar kaɗai take zuwa. Ke nan ranar da Durant ya samu tasa, an samu kammalalliya ta 52, mai alƙaluma 82,048,640. Ko akwai kammalalliya mara, babu wanda ya sani a duniya. Ko gagara-rabon Mersenne suna da iyaka, shi ma ba a sani ba. Hujjar Yukilid ta rufe gagara-rabo gaba ɗaya, ba ta rufe wannan reshen ba.

Amfaninta

Kada ka gaya wa yaron cewa da ita ake tsare kuɗin banki. Ana yawan faɗin haka, kuma ba daidai ba ne. Gaskiya ne tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda Rivest, Shamir da Adleman suka fitar a 1977, ya dogara da gagara-rabo, kuma ya dogara da ainihin bambancin da muka gani: ninka gagara-rabo biyu da juna abu ne mai sauƙi, warware su daga amsar abu ne mai wuya. Amma waɗanda ake amfani da su masu alƙaluma kimanin 300 ne, kuma dole su zama sirri. Lambar da duniya duka ta sani ba ta zama mabuɗi.

Ƙannenta dai suna aiki. 2^31 − 1, wato 2,147,483,647, wadda Euler ya tabbatar a 1772, ita ce iyakar ƙirga a tsarin kwamfuta da yawa, shi ya sa agogon wasu tsofaffin na'urori zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038. 2^19,937 − 1 kuma ita ce ƙashin bayan wata sananniyar hanyar samar da lambobin ƙuri'a da wasu Japanawa biyu, Matsumoto da Nishimura, suka ƙirƙira a 1997. Neman kansa ma ya haifar da abin amfani: manhajar GIMPS, Prime95, tana matsa wa kwamfuta lamba sosai har masu haɗa kwamfuta suna gwada lafiyar na'ura da ita, kuma da ita aka bankaɗo wani aibi a na'urorin Skylake na Intel a farkon 2016. Akwai ma kyautar dala 150,000 da EFF, wata ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet a Amurka, ta ajiye wa wanda ya fara samo gagara-rabo mai alƙaluma miliyan 100.

Amma ita wannan lambar, a yau, ba ta da wani aiki da aka sa ta, kuma ni ban ga abin kunya a faɗin haka ba. Fermat da Euler ba su san za a yi banki a waya ba lokacin da suke wannan bincike, sha'awar sani ce ta ja su. Ba kuma zan yi maka alkawarin cewa ita ma ranarta za ta zo ba. Abin da na tabbatar shi ne amfaninta a aji. Na taɓa sa manhajar a kwamfutata, ɗaukewar wuta ta sa gwajin lamba ɗaya ya ja ni watanni, ko da yake tana ajiye inda ta tsaya ta ci gaba. Amsar ta zo cewa lambar tana rabuwa, kamar yadda kusan kowa ke samu. Ɗalibaina sun fi ni bin lamarin, kullum sai sun tambayi kashi nawa aka kai.

Ga aikin da zan so ka ba yaron, ba kwamfuta, sai dai kalkuleta in ya so. Ya ɗauki 2^13 − 1, wato 8,191, ya yi mata gwajin Lucas da Lehmer, matakai goma sha ɗaya. Kada ka gaya masa amsar. Kai dai ka riƙe wannan don dubawa: bayan 14 da 194 zai samu 4,870, a mataki na bakwai lambar za ta faɗo zuwa 36, a na goma zai ga 128. Idan ya kai nan, ka bar shi ya ninka 128 da kanta ya ɗebe biyu da hannunsa, ya ga 16,382, sannan ka tambaye shi 8,191 sau nawa ke nan.